Doguwar Tafiya da Makomar 'Yan Wasanmu a Ƙananan Lig-Lig

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin domin waɗanda data ba ta ishe su saurare ba, da waɗanda suka fi son su karanta a tsanake.

Yau ba Real Madrid za mu taɓa ba, ba kuma Arsenal ba, don haka 'yan adawa ku kwantar da hankalinku. Yau ƙasa za mu sauka, can inda ƙwallo ke farawa. Za mu yi magana a kan ƙananan lig-lig, irin waɗanda ake rabawa shiyya-shiyya, inda ɗan wasa yake rabi ƙwararre rabi mai neman na abinci. Tambayar da za mu bi ita ce: awannin da yaro yake kwashewa a cikin mota daga wannan gari zuwa wancan, me suke yi wa ƙwallonsa? Kuma me ya sa yaro mai baiwa zai shekara uku yana buga lig, amma ka gan shi yana nan yadda ka san shi?

To bari mu fara da tsarin, don kowa ya gane inda muka dosa.

A Najeriya matakin farko shi ne Firimiyar ƙasa, wato NPFL, mai ƙungiyoyi 20, kowace tana buga wasa 38 a kaka. Ƙarƙashinta akwai NNL, wadda mutanenmu suke yi wa laƙabi da gasar gajiyayyu. Ƙarƙashin wannan kuma sai NLO, sannan lig-lig na jihohi. Ita NNL ana raba ta ne gida biyu, Arewa da Kudu, kowane ɓangare a sake tsaga shi rukuni-rukuni. A shekarun 2023 zuwa 2025, waɗanda suka yi fice an riƙa tara su a gari ɗaya su buga Super 8, huɗu su haura sama. Ta wannan ƙofar Kano Pillars da Katsina United suka koma Firimiya a 2023. Ta nan El-Kanemi Warriors da Nasarawa United suka bi a 2024, ta nan kuma Wikki Tourists da Barau FC suka bi a 2025.

A takarda NNL gasar ƙwararru ce. Amma duk wanda ya san harkar ya san cewa yawancin yaran da ke buga ta, balle na NLO, ƙwallon kaɗai ba ta riƙe su. Wani tela ne, wani yana gyaran waya a kasuwa, wani yana ɗana Adaidaita da daddare, wani ɗalibi ne a kwaleji. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Dalilin raba gasar Arewa da Kudu a bayyane yake, a rage tafiya, a rage kashe kuɗi. Dabara ce mai kyau, kuma haka ake yi a duk duniya. Ingila ma haka take yi. Matakai biyar na sama ne kawai ake bugawa a faɗin ƙasar. Daga mataki na 6 sai a raba biyu, Arewa da Kudu. Mataki na 7 a raba huɗu, na 8 a raba takwas. Kana yin ƙasa, da'irar tana ƙara tsukewa, har ka kai inda abokin karawarka yana garin da ke maƙwabtaka da kai. Jamus ta raba mataki na 4 gida biyar. Sifaniya ta raba nata mataki na 5 har rukuni 18.

To ina matsalar take a wurinmu? Girman ƙasa. Najeriya tana da faɗin murabba'in kilomita 923,768. Ingila kuwa ba ta wuce 130,000 da 'yan kai ba. Wato Najeriya ta ninka ta wajen sau bakwai. Kai, jihar Neja da jihar Borno kaɗai idan ka haɗa su sun fi Ingila faɗi. Saboda haka idan aka ce maka "rukunin Arewa", kada ka ɗauka an kawo maka abokan wasa kusa da gida.

Ga misali ɗaya da zai fito da abin fili. A 2025 wata ƙungiya mai suna Truro City, daga can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, ta hau mataki na 5. Da ta tashi zuwa wasa da Gateshead a arewa maso gabas, sai kafafen yaɗa labaran ƙasar suka ɗauka, saboda tafiyar mil 914 ce zuwa da dawowa, kuma ba a taɓa yin mai tsawonta ba a wasan lig a Ingila. Zuwa kaɗai kusan kilomita 735 ke nan. To mu nan, daga Sakkwato zuwa Maiduguri ya haura kilomita 1,000, kuma dukkansu "Arewa" ne. Kano zuwa Maiduguri ma ya kusa 600. Abin da ya zama labari a can, a nan tafiya ce da ba wanda zai ko ɗaga kai ya kalla. Sannan ku tuna su a kan lafiyayyen titi suke. Mu kuwa ga ramuka, ga shingayen bincike, ga hanyoyin da ba a bin su bayan magariba, ga mota ta lalace a daji a jira bakanike.

Yauwa. Yanzu mu shiga jikin ɗan wasa, mu ga me ke faruwa.

Ɗan wasan da ya buga minti 90 yakan yi gudun da ya kai kilomita 9 zuwa 12. A cikin wannan gudun akwai tsere, akwai birki na gaggawa, akwai juyi, akwai karo. Duk waɗannan suna yi wa tsoka ƙananan yagewa da ido ba ya gani, kuma suna ƙarar da makamashin da jiki ya adana a cikin tsokar. Masana lafiyar wasanni sun nuna cewa jiki yana buƙatar awa 48 zuwa 72 kafin ya dawo daidai bayan wasa mai zafi. Abin da ke gyara shi kuwa ba wani sirri ba ne: abinci mai kyau cikin awannin farko bayan wasa, ruwa isasshe, da barci.

To ku duba abin da ke faruwa da yaronmu. An tashi wasa wajen ƙarfe 6 na yamma a garin mutane. Kuɗin otal na dare ɗaya aka bayar, an riga an cinye shi jiya. Don haka ko dai a kama hanya a daren, ko a kwana a takure a yi sammako. Yaro ya shiga kosta, gwiwarsa tana dukan kujerar gaba, jaka a kan cinya, awa goma ko sha biyu. Jini ba ya zagayawa yadda ya kamata, ƙafa ta kumbura, ƙugu da bayan cinya su sandare. Ruwa ma ba zai sha sosai ba, don kada ya riƙa tsayar da direba ana yi masa tsiya. Abinci kuwa abin da aka samu a tasha ne, burodi da lemon kwalba, ko taliya da manja idan an dace. Barcin mota kuma kowa ya san shi, gyangyaɗi ne.

Shi barcin nan fa ba ƙaramin abu ba ne. A lokacin barci mai nauyi ne jiki yake sakin sinadarin da ke gina tsoka da gyara ta. A lokacin ne kuma ƙwaƙwalwa take daddale abin da aka koya da rana, har da sabon salon da koci ya nuna a fili. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, matashin da bai kai 18 ba kuma 8 zuwa 10. Akwai binciken da aka wallafa a Amurka a 2014 a kan ɗalibai 'yan wasa, wanda ya gano cewa masu barcin ƙasa da awa 8 sun fi sauran yiwuwar jin rauni da ninki 1.7. Kun ga ashe tsagewar tsokar da yaro ya samu ranar Laraba a atisaye, mai yiwuwa tun a motar ranar Lahadi aka ɗauko ta.

Wannan ɓangaren jiki ke nan. Amma ni a ganina babbar asarar tana wajen koyo, kuma ita ce ba a cika magana a kanta ba.

Ɗan wasa ba a ranar wasa yake ƙwarewa ba. Ranar wasa jarrabawa ce, darasin kuwa a atisaye ake ɗaukarsa. A can ne ɗan baya yake koyon inda zai tsaya idan an ɗauko kwana, ɗan gaba ya maimaita bugu da ƙafar hagu sau hamsin, ɗan tsakiya ya koyi waiwayawa kafin ƙwallo ta iso shi. To mu yi lissafi mai sauƙi. Mu ɗauka wasa ranar Asabar ne a gida. Lahadi hutu, Litinin a warware jiki, Talata da Laraba da Alhamis a yi aiki sosai, Juma'a a yi mai sauƙi. Kwana uku ke nan na koyo na haƙiƙa. Yanzu mu ɗauka wasan a waje ne, tafiyar yini guda. Alhamis kuna hanya, Juma'a kuna warware gajiya, Asabar wasa, Lahadi kuna hanyar dawowa, Litinin ba mai iya ɗaga ƙafa, Talata a lallaɓa. Kafin wasan an yi asarar kwana ɗaya na aiki, bayansa ma an yi asarar wani. Idan rukuninku yana da ƙungiyoyi 10, wasan waje 9 ke nan. Ko da biyar ne kawai masu nisa a ciki, ka ga kwana goma na koyo sun tafi a kan titi, a kakar da dama can gajeriya ce. Ka ninka wannan sau uku, daga shekara 18 zuwa 21, lokacin da ya kamata a ce yaro yana tashi. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shi ma kocin, tafiyar tana canza masa tunani. Kocin da ya san yaransa sun iso a galabaice ba zai ce su riƙe ƙwallo su matsa gaba ba. Zai ce kowa ya koma baya, a tare gida, a doka ta sama, Allah Ya sa a samu canjaras. Kowa ya san yadda cin wasa a waje yake da wuya a gasanninmu. Akwai dalilai da yawa, har da alƙalanci da matsin 'yan kallo, amma gajiyar hanya tana cikinsu. Sakamakon shi ne rabin wasannin kaka yaro ba ƙwallo yake bugawa ba, kare kai yake yi. Sannan kocin da ke tsoron kora ba zai ɗauki ɗan shekara 17 ya kai shi irin wannan wasa ba. Zai ɗauki tsohon hannu wanda jikinsa ya saba da wahala. Kujerun mota ƙidayayyu ne, gadajen otal ma haka. Duk wanda za a rage, ƙaramin ake ragewa.

Sai maganar da na ce ku riƙe, ta sana'a. Yaron da yake ɗinki ko gyaran waya, duk tafiyar kwana huɗu rufe shago ne na kwana huɗu. Ɗalibi kuma lakca ce ta wuce shi, wani lokacin har gwaji. Idan albashi yana zuwa a kan kari, da sauƙi. Amma idan ana bin ƙungiya bashin wata uku, alawus ɗin tafiya ma sai an yi rigima, to wata rana mahaifi zai zaunar da shi ya ce, "Kai, wannan yawon ya isa haka." Kuma wallahi ba za ka ga laifin mahaifin ba. A haka muke rasa yara masu kyau. Ba wanda ya kore su, lissafi ne ya ƙi fita. Waɗanda suka rage ba lallai su ne suka fi iya ƙwallo ba, su ne dai suka fi iya jure rashi.

Ɓangaren ƙungiyoyi ma abin dubawa ne. Tafiya ɗaya tana nufin mai zuwa da dawowa, ɗakunan kwana na mutum 25 ko fiye, abinci sau uku a rana, da alawus. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Ƙungiyar da gwamnatin jiha ke riƙe da ita tana iya lallaɓawa. Amma wadda mutum ɗaya ya kafa da aljihunsa, ko wadda 'yan unguwa ke yi wa karo-karo, kuɗin da za ta ɗauki likitan gashi, ko ta gyara fili, ko ta riƙe ƙungiyar 'yan ƙasa da 15, shi ne yake tafiya a tankin mota. Wata ma a tsakiyar kaka za ka ji ta kasa zuwa wasa an ba abokan karawa maki uku a ɓagas.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan nauyi, wato rai. A watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abaji zuwa Lokoja, suna kan hanyar Owerri wasan farkon kaka, 'yan wasa biyar suka ji rauni. A lokacin fa su ne zakarun ƙasa, sau uku a jere. A watan Fabrairun 2021 motar Wikki Tourists ta kama da wuta a Hawan Kibo suna hanyar Uyo, Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. A cikin watan dai aka tare motar Adamawa United a hanyar Benin zuwa Ore, aka tafi da direbansu. Waɗannan duk ƙungiyoyin Firimiya ne a lokacin, masu gata ke nan. Sai ku auna halin na ƙasa da su. Kuma har yanzu ba mu manta da 31 ga Mayu 2025 ba, ranar da motar tawagar 'yan wasan jihar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, saura kaɗan su iso gida, aka rasa mutum fiye da 20. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyalansu haƙuri. Duk wanda zai tsara jadawalin gasa ya kamata wannan ranar ta tsaya masa a rai.

To, wani zai ce, ai maganin mai sauƙi ne, a tsuke rukunin kowa ya buga da maƙwabtansa. Eh, amma shi ma yana da nasa farashin, kuma adalci ne mu faɗe shi.

Na farko, idan da'ira ta yi ƙanƙanta, ƙarfi yana raguwa. Ƙungiya mai kyau za ta riƙa lallasa na kusa da ita da ci huɗu, ci biyar, yaranta su ɗauka sun iya. Ranar da suka fita waje sai ido ya raina fata. Yaro yana buƙatar ya haɗu da wanda ya fi shi, ya ga salon da bai saba da shi ba, ya buga a filin da ba a son sa. Tafiya mabuɗin ilimi ce, a ƙwallo ma haka ne. Na biyu, ƙaramin rukuni yana nufin wasanni kaɗan. Rukuni mai ƙungiyoyi 10 wasa 18 ne kacal. A Ingila ƙungiyar mataki na 6 tana buga wasan lig 46 a kaka, ban da kofuna. Ka ga yaron can a shekara ɗaya ya tara abin da namu zai yi fiye da shekara biyu bai tara ba.

Akwai kuma ɗaya dabarar, wadda ake yawan amfani da ita a NLO da wasannin neman hawa: a tara ƙungiyoyi a gari ɗaya su yi 'yan kwanaki su buga a gama. Wannan yana rage tafiya ƙwarai, kuma yana sauƙaƙa wa masu farautar 'yan wasa, su zauna wuri ɗaya su ga yara da yawa. Illarsa ita ce wasanni suna cunkushewa, yau wasa, gobe ko jibi wani, jiki bai huta ba. Kana gamawa kuma sai zaman watanni ba gasa. Sannan idan makomar shekara guda ta rataya a kan wasa ɗaya, shaiɗan yana samun ƙofa. Masu dogon tunani za su tuna Yulin 2013 a Bauchi, a wasannin neman hawa na 'yan dagaji, inda Plateau United Feeders ta ci 79 da nema, Police Machine kuma ta ci 67 da nema, a rana ɗaya, kowace tana neman ta fi ɗayar yawan ƙwallaye. Duniya ta yi mana dariya, NFF kuma ta dakatar da waɗanda ke da hannu.

Saboda haka abin nema shi ne daidaito. Wasanni masu yawa, kusa da gida, mako-mako, tsawon watanni. Sannan a saman wannan a ɗora 'yan tafiye-tafiye masu nisa, ƙidayayyu, waɗanda aka shirya musu da kyau.

Kuma muna da shaidar cewa irin wannan tsari yana fitar da 'yan wasa. Ku ɗauki Jamie Vardy. Sheffield Wednesday ta sallame shi yana ɗan shekara 16. Ya koma Stocksbridge Park Steels, can ƙasan dala, ana ba shi fam 30 a mako, da rana kuma yana aiki a masana'anta. Abin da ya sa ya iya haɗa biyun shi ne gasar ta yankinsu ce, zai tashi daga aiki ya je atisaye, ranar wasa ya je ya dawo ya kwana a gida. Ya koma Halifax a 2010, Fleetwood a 2011, Leicester ta saye shi fam miliyan 1 a 2012 yana da shekara 25. A 2016 ya ɗaga kofin Firimiyar Ingila. Ku tambayi kanku, da a ce kowane wasan waje sai ya bar aiki kwana huɗu, zai kai shekara 25 yana buga ƙwallo?

Ga kuma namu na gida, Zaidu Sanusi, ɗan Jega ta jihar Kebbi. Da ya je Fotugal ba a babbar ƙungiya ya fara haskawa ba. A Mirandela ya yi shekarunsa na farko, a mataki na 3 na lokacin, gasar da ake rabawa shiyya-shiyya a ƙasar da faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na Najeriya ba. Daga nan Santa Clara a 2019, sai Porto a 2020. A watan Mayun 2022 shi ya ci Benfica ƙwallon da ta ba Porto kofin lig. Baiwar daga Jega ya tafi da ita. Abin da ya samu a can shi ne wasa kowane mako da atisaye ba yankewa.

Kuma kada wani ya ce babu baiwa a ƙananan gasanninmu. A 2024 El-Kanemi Warriors, tana ƙungiyar NNL, ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema a Legas ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa. Wannan kuwa ƙungiya ce da ta san wahalar hanya fiye da kowa, domin rikicin Boko Haram ya taɓa raba ta da Maiduguri, har wasanninta na gida ma sai da ta riƙa bugawa a wasu garuruwan.

To me za a iya yi? Bari in kawo abubuwan da ba sa buƙatar jirgin sama.

Masu tsara gasa su zana rukuni da awannin tafiya a hannu, su daina kallon taswira kawai. Gari biyu na iya zama kusa a takarda, amma hanyar da ke tsakaninsu ba ta biyuwa. Idan ƙungiya za ta yi nisa, a haɗa mata wasa biyu a yankin da tazarar kwana uku ko huɗu, ta yi tafiya ɗaya maimakon biyu. A fitar da jadawali da wuri kuma a tsaya a kansa, domin ɗage wasa bayan mutane sun riga sun kama hanya zalunci ne. A hana tafiyar dare, a kuma wajabta direba biyu a duk doguwar tafiya. Sannan a raya lig-lig na jihohi su riƙa gudana watanni, don a nan ne yaro zai tara wasanni ba tare da ya bar makaranta ko shago ba.

Masu ƙungiyoyi kuma, ga wata hanyar kuɗi da da yawa suke sakaci da ita. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin wannan kuɗi. Amma sai sunan yaron yana cikin rajista a ƙarƙashin ƙungiyarka, da shekarun da ya yi. Idan ba ka yi masa rajista ba, ko an yi wasa da shekarunsa, ranar da ya fashe a Turai sai dai ka gan shi a talabijin. Yaro ɗaya da aka yi wa takardu daidai yana iya ɗaukar nauyin tafiye-tafiyen ƙungiya na shekaru.

Kai kuma ɗan'uwa mai buga ƙwallo, akwai abin da ke hannunka. Ka sha ruwa a hanya ko da za a yi maka tsiya. Duk inda aka tsaya sallah ko shan mai, ka sauka ka taka, ka miƙe ƙafa da ƙugu. Ka tafi da guzurinka, dabino, ayaba, gyaɗa, dafaffen ƙwai, kada ka dogara da tasha. Bayan wasa ka ci abinci da wuri, kada ka bari sai tsakar dare. Daren da kuka dawo ka ajiye waya ka yi barci, hira ba za ta gudu ba. Idan ka ji bayan cinya yana ja bayan doguwar tafiya, ka faɗa wa koci, ɓoyewa ce ke mai da ciwon mako ɗaya ya zama na wata biyu. Kuma kafin ka sa hannu a kowace takarda ka yi tambaya: wa ke biyan kuɗin magani idan na ji rauni? Akwai inshora? Alawus ɗin tafiya nawa ne, kuma yaushe ake bayarwa? An yi mini rajista da sunana da shekaruna na gaskiya? Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyin, to ka san da wa kake hulɗa.

Mu kuma 'yan kallo, idan baƙi suka zo garinmu wasa, mu tuna daga inda suka taso da awannin da suka yi a hanya. A yi adawa a cikin fili, a tashi lafiya, a bar su su kama hanya da rana. Gobe yaranmu ne za su je nasu garin.

A nan za mu dakata a yau. Muna son jin ta bakinku, musamman waɗanda suka taɓa buga NNL ko NLO ko lig na jiha, da koci-koci, da direbobin ƙungiyoyi. Wace tafiya ce mafi tsawo da kuka taɓa yi don wasa ɗaya, awa nawa, kuma yaya wasan ya kaya? Sannan a ganinku, gara a tsuke rukuni a buga wasa da yawa, ko a bar shi da faɗi don a gwabza da manya? Ku rubuta mana a ƙasa, za mu karanto wasu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Wanda ya san wani yaro da ke wannan gwagwarmaya, ya tura masa.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.